Daren da Giwa Ta Raba Gardama

Gidan nan nawa ne.
Babana ya kafa shi kan turaku sha shida
makon da aka sa mini lalle,
ya ce: miji baƙo ne, ke ce mai gida.
Tsaninsa mataki bakwai, na biyar yana kuka,
shi ne mai gadinmu, shi ne kwaɗon ƙofa.

Abin da na mallaka ba ya wuyar ƙirga:
ɓauna ɗaya mai karyayyen ƙaho,
'yar fadamar shinkafa, ayaba,
itacen pinang ashirin da uku,
sai gwangwanin biskit a saman rufi.
Ciki akwai takardar gona da ruwa ya taɓa sha
da awarwaron zinariya, mayam huɗu,
na ranar da asibiti zai ce a kawo.

Shekara tara muna jan iyaka da Apa Leman.
Ya ce shingen gora ya matso kamu biyu,
na ce idonsa ne ya matso.
Sau uku ana zama a meunasah,
kofi ya ƙare, magana ba ta ƙare ba.

Daren Talata kwaɗi suka yi tsit.
Mazaunin bakin kurmi ya san irin wannan shiru.
Sai ƙarar itace, kamar ana karya ƙashin dare,
sai tambari daga rumfar tsaro,
bugu uku-uku: ba ɓarawo ba, ba gobara ba.
Manyan ne.
Mu nan ba ma kama sunansu gatsau,
Po Meurah muke cewa, da murya ƙasa-ƙasa.

Safrizal ya zabura, tocila a hannu, bindigar gora a kafaɗa.
Na tare bakin tsani da jikina.
Ya ce, Mak, ayabar!
Na ce, ayaba daga gindi take sake haihuwa.
Kai fa?
Shekarar da teku ya hau tudu ya tafi da yayanka,
har yau ban ga ya tsiro ba.

Muka zauna cikin duhu muna ji ana tauna dukiyarmu.
Ta tsagar katako na ƙirga inuwa biyar,
ƙaramar na bin uwa, tana tuntuɓe.
Kurmin da suka baro na san shi tun ina goyo,
yanzu layin kwakwar manja ne iya ganinka,
da allon kamfani a bakin hanya.
Su ma an matso musu da shinge,
kuma ba su da gwangwani, ba su da takarda.

Da hantsi Keuchik ya zo da littafi da biro:
pinang sha ɗaya, ayaba duka.
Ya ce za a kai gaba.
Mun san gaban, abin da ya je can ba ya waiwaye.

Shingen kuwa, ko sanda babu.
Inda muka shekara tara muna nuni da yatsa
sawu ne, faɗin faifai, cike da ruwa,
rabi a nawa, rabi a nasa.

Apa Leman ya dubi sawun, ya dube ni.
Darmiati, yaron lafiya?
Lafiya. Naku fa?
Akuya ce ta tsere, ta dawo.
Muka yi shiru, sauro na yi mana shaida.

Da la'asar ya aiko jikarsa
da 'ya'yan ayaba shida a kwando, ƙasa na manne a saiwarsu.
Ban ce na bar masa kamu biyun ba.
Na dai dafa kofi, na aika da rabi.

Yau Safrizal ke da tsaro, shi da autan Leman,
rumfa ɗaya, tocila ɗaya.
Na rage fitila, ban kashe ba.
Kwaɗi na ta surutunsu, Allah ya ƙara musu baki.
Ni dai kunnena na kan tsani
har mataki na biyar ya yi kuka.